Gemun Baba da Rijiyar Indiyawa

Tunda na dawo kun hana ni sakat a ofishin malamai. Wannan ta ce, "Malama Hajara, da gaske suna rawa a kan titi?" Waccan ta ce, "Ina awarwaron da kika ce za ki kawo min?" Ban yi wa kowa alkawarin awarwaro ba, Malama Talatu, ke kika roƙa, ke kika amsa wa kanki. To bari in zayyana muku sau ɗaya kowa ta huta. Mai rawa dai ban ga ko ɗaya ba, kowa ta kansa yake yi.

Kun san Babana shi ne mai unguwa a ƙauyenmu can ƙasar Buji. A bayan garin akwai fadama, a bakinta kuma rijiyar da duk gari yake sha. Wasu Indiyawa masu kamfanin rina yadi suka zo suna neman fili a gefen fadamar su kafa masana'anta. Dagaci ya ce sai abin da masu gonaki suka ce, masu gonaki suka ce sai abin da Baba ya ce. Shi kuwa Baba zuciyarsa ta riga ta karkata saboda ƙanena Sule. Sule ya daɗe yana acaɓa a Legas, da ya ji zancen kamfani sai ya tattaro komatsansa ya dawo gida yana jiran aiki, shi da sauran samarin garin. Baba ya tsufa, yana son ɗansa a kusa da shi. Amma ya ce shi ba ya cinikin biri a sama. Sai Indiyawan suka ce ya zo ƙasarsu ya ga masana'antarsu da idonsa, su za su ɗauki nauyin komai. Ni aka zaɓa tafinta, don ni ce mai Turanci a gidanmu, kuma ni ce mai baki.

Tun daga tashar Dutse aka fara. Baba ya iso da buhun dabino, da ƙullin goro, da kilishi, da darduma, da butarsa cike da ruwan rijiyar gida. Na ce, "Baba, wannan buhun fa?"

Ya ce, "Uwata, ana zuwa garin mutane hannu rabbana?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa min.

Kafin mu kai Wudil butar ta tsiyaye rabi a cinyar wata mata da ke kusa da shi. Matar ta ɗauka ɗan da take goyo ne, ta dinga yi wa yaron masifa. Baba ya kafa ido a taga yana jan carbi kamar ba ya motar. Ni na san gaskiya, amma ina zan tona asirin ubana a motar haya?

A filin jirgi na Kano ma'aikaci ya ce ba a shiga da ruwa, a zubar. Baba ya ce ruwan rijiyar garinsu ne, ba zai zubar da shi a banza ba. Ya tsuguna nan gaban layi, ya yi bisimilla, ya kafa kai ya shanye ragowar tas, mutane na jira a bayansa. Sakamakon wannan jarumtar a sama muka gan shi. Jirgi na tashi ya fara zarya. Zuwansa na farko banɗaki ya danna abin nan, ya ji ƙarar zuƙa, ya fito da sauri yana riƙe da hularsa, ya ce min a kunne, "Akwai rami a jirgin nan, kada ki shiga." Har muka sauka Habasha muka canja jirgi bai yarda ba haka aka ƙera shi ba.

A filin jirgin Indiya kuwa nan na sha kunya. Suka buɗe kaya, suka ɗauke kilishi, wai ba a shiga da nama. Baba ya bi ledar da kallo ya ce, "Allah ya sa ya ci da lafiya." Goro kuma wani ma'aikaci ya juya shi, ya sansana, ya tambaye ni mene ne. Kafin in amsa Baba ya ɓara ɗaya ya miƙa masa. Bawan Allah ya gatsa, fuskarsa ta tattare kamar wanda ya sha maɗaci, ya mayar mana da ƙullinmu da hannu biyu. Daga nan mai duba fasfo ya kalle mu ya girgiza kai. Baba ya kama hannuna ya ce, "Shi ke nan, ya hana mu shiga." Ashe su girgiza kai a wurinsu eh ne. Wani lokacin kuma a'a ne, wani lokacin wataƙila. Har na baro ƙasar ban gane bambancin ba.

Wanda kamfanin ya turo ya tarbe mu sunansa Raju, wani siriri mai gashin baki, kullum yana duba agogo. Baba ya raɗa masa Malam Raji, kuma ya zauna. Shi ya kai mu wani gari a kudancin ƙasar da ba abin da ake yi sai saƙa da rini. Masauki mai kyau, bene, har da lif. Na shiga wanka na murɗa famfo, sai ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Na kira mai kula da ɗakuna, ya zo ya nuna min bokiti a lungu, ya ce ruwa da sassafe yake zuwa, a tara. Da na gaya wa Baba sai ya ce, "Yanzu jirgi biyu muka hau don mu zo Dutse?"

Abinci kuwa a ganyen ayaba suke zuba shi, shinkafa a tsakiya, miya kala-kala a kewaye, ba ko tsokar nama. Abin da ya burge Baba shi ne da hannu suke ci, hannun dama, kamar mutanen kirki. Ya naɗe hannun riga ya kai loma. Ku da kuke cika bakin cin yaji, ba ku san yaji ba. Hawaye ya dinga bin gemunsa, fari fat kamar audugar da aka shiƙa, yana cewa ba komai, mura ce. Ya nemi ruwa, aka kawo na gora a rufe. Raju ya ja mana kunne kada mu sha wani ruwa in ba irin wannan ba, ko da wa ya ba mu.

Washegari a hanyar masana'anta muka tarar da saniya kwance a tsakiyar titi tana taunar leda, motoci na kewaye ta. Baba ya ce a tsaya. Ya sauka da babbar riga, ya kama muƙamuƙinta, ya zaro ledar, ya buɗe bakinta yana duba haƙora kamar yana kara ranar kasuwa. Mutane suka taru. Raju ya kusa suma. Wata tsohuwa kuwa ta zo ta haɗa tafin hannu ta rusuna wa Baba. Ya dawo mota yana cewa saniyar ta yi shekaru, kuma maigidanta ba ya tsoron Allah.

Gaba kaɗan cunkoso ya tsayar da mu, ashe tankar ruwa ce ta zo unguwa. Mata ne dam da tulunan roba, ja da kore da ɗorawa, layi har ya sha kwana. Na sauka in miƙe ƙafa. Ina tsaye wata ƙatuwa mai tuluna huɗu ta zo ta ture wata siririya ta shige gaba. Kun san hali. Ban san sanda na ce, "Ke baiwar Allah, su da suka zo tun ɗazu itatuwa ne?" ba. Da Hausa na faɗa, kuma wallahi ta ji. Ta juyo ta zazzaga min nata, na mayar mata, layin duka ya ɗauka. Da ƙyar Raju ya janye ni. A mota na yi ta tunani, mu a Dutse ko ba komai ɗan garuwa zai turo kurarsa har ƙofar gida, ki yi masa tsiyar ya ƙara kuɗi, ya yi miki tsiyar hawa dutse. Su nan in tanka ta wuce ki, sai wata ranar.

Sai muka hau wata gada. Na leƙa na ga kogi, ruwan baƙi da ja-ja, kumfa ta taru a kansa tuli-tuli, wari kuwa kamar an fasa ruɓaɓɓen ƙwai a cikin karofi. Raju ya ɗaga gilas ya kunna waƙa. Na juya in nuna wa Baba, na tarar ya yi barci, baki buɗe.

Masana'antar kam ba ƙarya, abin kallo ce. Injuna suna ta haɗiyar farin yadi suna amayo shi da launi, samari cikin kayan aiki iri ɗaya kowa da katinsa a wuya. Na ga Baba yana bin su da kallo ɗaya bayan ɗaya, na san Sule yake gani. A ƙarshe manajan ya kai mu wani ɗan tafki na siminti, kifaye jajaye na yawo a ciki, ya ce wannan ruwan rini ne da suka tace. Baba ya ce, "Alhamdulillahi. Kifi ba ya ƙarya." Nan take ya sa na kira masa Sule, ya ce masa ya kwantar da hankalinsa, abu ya yi kyau. Raina ya ɓaci. Na ba shi labarin kogin, ya ce, "Uwata, ke tun kina yarinya ba kya ganin tuwo sai tsakuwar ciki."

Da an bar shi a haka da an gama, da yanzu ana haƙa harsashi a fadamarmu. Amma da muka fito bakin ƙofa Baba ya hango rufin gidaje a bayan katangar, ya tambayi ko gari ne. Raju ya ce wani ɗan ƙauye ne. Baba ya ce, "To mu je in gaida mai garin."

Raju ya duba agogo ya ce ba ya cikin tsarin tafiya.

Baba ya ce, "Gaya wa Malam Raji, ni mai unguwa ne. In baƙo ya shigo ƙasata ya fita bai gaishe ni ba, ɓarawo nake ɗaukarsa. Dabinon nan da na ɗauko tun daga Dutse na wa yake zato?"

Ya sa aka sauke buhun daga but, ya zauna a kai a bakin ƙofar kamfani, ya ɗora buta a gefe. Masu gadi suna kallo, manyan motoci suna hon. Raju ya buga waya, ya girgiza kai, ya sake bugawa, ya sake girgizawa. Wannan karon ashe eh ce.

Ƙauyen bishiyoyin kwakwa ne tsaye ba kai, gonaki kuma sun yi fari kamar an barbaɗa gishiri. Mai garin wani tsoho ne ɗaure da farin zane, da matarsa 'yar ƙarama mai furfura. Aka shimfiɗa tabarma. Magana sai ta bi ta hannu uku, tsoho ya faɗa da yarensu, Raju ya juya Turanci, ni in juya Hausa. Baba ya jero gaisuwa yadda aka saba, ina gajiya, ina iyali, ina jama'a, yaya ruwa. Da aka kai kan ruwa tsohon ya ɗauki magana ya yi ta yi, yana nuna gabas yana nuna yamma. Da ya gama Raju ya ce, "Ya ce lafiya lau."

Aka miƙa dabino, suka yi ta murna. Muka zauna jiran ruwan baƙo. Shiru. Na lura matar ta ɗauki kofi ta fita, ta shiga wannan gida ta fito, ta shiga wancan. Can sai ga ta da kwalbar lemo guda biyu daga shago, tana sunkuyar da kai. Baba ya raɗa min, "Su nan ba sa ba baƙo ruwa ne?" Na ce ya sha abin da aka ba shi.

Rana ta faɗi, magariba ta kawo jiki, butar Baba kuwa ba ko ɗigo. Sai ya hango rijiya a tsakar gidan, an rufe ta da katako an danne da duwatsu. Ya miƙe ya nufe ta. Tsohon ya tashi yana ɗaga hannu, matar na ɗaga hannu, Raju na cewa a'a da Turanci. Na ce, "Baba, sun ce kada ka taɓa."

Ya ce, "Kara ce suke min, ba sa son baƙo ya ja guga da kansa. Mutanen kirki. Ce musu ni manomi ne."

Ya ture duwatsun, ya sami wani tsohon bokiti da igiya, ya jawo ruwa. Duhu ya fara, ba a ganin launi sosai. Ya ɗanɗana a tafin hannu, ya tofar, ya yi ɗan tunani irin na malamai, ya ce, "Kanwa ce. Irin rijiyoyin gabas ne. Ruwan da ƙasarsa ce ta canja shi, alwala ta halatta da shi." Ya cika buta ya tsuguna. Kun san alwalar tsofaffi, ba gaggawa. Ya wanke fuska sau uku, ya tsefe gemu da yatsu har ruwa ya ratsa ko'ina. Ya shimfiɗa darduma ya yi sallarsa cikin natsuwa, mutanen gida sun yi cirko-cirko.

Yana sallamewa matar ta kunna ƙwan lantarki na tsakar gida. Jama'a, gemun Babana ya koma ruwan hoda. Ba ja irin na lalle ba, ruwan hoda sak irin na ɗankwalin 'yanmata ranar kamu. Hannayen rigarsa ma haka, har da girarsa. Na danne, na danne, abin ya fi ƙarfina, na durƙushe ina dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Lafiyarki?" Na ɗauke shi hoto a waya na nuna masa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wannan ba kanwa ba ce."

Matar ma dariya take, tana rufe baki da gefen mayafi. Ban ankara ba sai na ga dariyar ta koma kuka. Ta zauna a bakin rijiyar tana magana, Raju kuma, ko gajiya ya yi ko kunya ce ta kama shi, wannan karon ya juya komai bai rage ba. Ta ce surukinta ne ya haƙa rijiyar, da ita aka yi girkin bikinta. Da masana'antu suka yawaita, shinkafa ce ta fara ƙin yi, sai kwakwa, sai ruwan ya fara sa yara ƙaiƙayi, suka rufe. Yau tanka ba ta zo ba, ta zaga maƙwabta ba ta samu wanda zai iya ba ta kofi biyu ba.

Baba ya tambayi ina 'ya'yansu. Tsohon ya ce duk suna nan, a masana'antar suke aiki, da albashinsu ake sayen ruwan tanka. Baba ya ce in tambaye shi, da za a mayar da shi baya, zai yarda a kafa masana'antar? Tsohon ya girgiza kai irin tasu. Na kalli Raju, ya ce shi ma wannan bai san wacce ce ba. Can tsohon ya ce, "'Ya'yana a gida suke kwana. Amma ga babban mutum ya zo daga nesa, ban ba shi ruwa ba."

Baba ya tashi ya koma gefe, ya buga tafinsa a ƙasa ya yi taimama, ya sake sallar magariba. Ina kallonsa, ga rijiya cike da ruwa a bayansa. Dariyar ta fita daga raina, tausayin su duka ya kama ni.

Sauran kwanakin a susa Baba ya yi su, haɓarsa ta yi ruɗu-ruɗu. Mun gwada sabulu, mun gwada lemon tsami, launin ya ce yana nan. Na ce a aske, ya ce ba mai taɓa masa gemu. A filin jirgi mai duba fasfo ya kalli hoto, ya kalli Baba, ya kira abokin aikinsa su kalla tare. A tashar Dutse kuwa wani ɗan kamasho ya ce, "Alhaji, lallen Indiya ne? Ya karɓe ka." Baba ya ce masa Allah ya shirye shi.

Ranar Juma'a bayan an sauko aka taru a ƙofar gidanmu, masu gonaki a kan tabarma, samari a tsaye a baya, ni ina zaure ina ji. Kowa yana satar kallon gemun, ba mai iya tambaya. Baba ya ba su labarin injuna da samari masu kati a wuya, bai rage komai ba. Sannan ya kama gemunsa ya ce wannan alwala ɗaya ce a rijiyar mai garin da ke bayan masana'antar. Ya ce shi dai ba zai sa hannu ba, wanda yake so ya ba da gonarsa ga hanya nan. Ba wanda ya motsa a cikin dattawan.

Sule ne ya yi magana daga baya. Ya ce, "Baba, da bakinka ka ce min in kwantar da hankalina."

Baba ya ce, "Na faɗa. A lokacin ban gaida mai gari ba."

Sule ya ce, "To mu zauna mu yi ta kallon rijiya ke nan?"

 

Kwana kaɗan bayan haka Sule ya ɗaure jakarsa ya koma Legas. Ya biyo ta gidana a Dutse ya sha ruwa, ya ce in gaida mutanen gida, amma bai yi wa Baba sallama ba. Rijiyarmu tana nan garau, mata suna ja safe da yamma. Duk ranar da na je gida Baba zai bari sai na gama gaisawa da kowa, na tashi tafiya, sannan ya rako ni bakin mota, ya rage murya ya ce, "Uwata, yaron nan ya kira ki kuwa?"